Neman Buba, Abokin Nauyina na Lilon Ummaru

Tun da na dawo Maraɗi ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Lawai, wai da gaske gwangwani ka tafi nema har Najeriya?" Na ba da labarin nan a rumfar Issufu mai taya, na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba wa mai aski har ya kusa tafiya da rabin kunnena. Kowa kuma ya ɗauka ya ƙara nasa gishirin, har jiya na ji wai tukunyar zinariya na tono. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. In an ga ƙari a ciki, nawa ne, kuma na fi ku iya auna shi.

Ni haifaffen Batsari ne, sayar da kayan babur ya kawo ni nan tun gemuna bai san furfura ba. Muna yara, a gefen Safana ta wajen hanyarmu, akwai wani fili da wani mai walda, Ummaru, ya kewaye da kara da tsofaffin langa-langa. Ya yi zaman birni, ya ga wuraren wasan yaran can, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Da ƙarafan matattun motocin kaya ya yi. Akwai mota marar inji da ake turawa. Akwai wani faifan ƙarfe da ya goge har yana ƙyalli, in ka duba sai ka ga kanka ya koma kabewa. Amma sarkin filin shi ne lilo, wani ƙaton abu a tsaye kamar ƙafar keke, kujeru na rataye a jikinsa, da hannu ake juya shi. In ka kai sama, a ganina na wancan lokaci, kana iya hango Makka. Yayata Hanne ta ce bai fi tsawon darbejiya ba. Ba ta taɓa hawa ba, don haka ba a karɓar shaidarta.

Lilon nan ba ya juyawa da kyau sai nauyi ya daidaita, shi ya sa Ummaru ba ya barin yaro ya hau shi kaɗai. Zai ɗaga ka da hannu biyu kamar mai tayin rago, ya ajiye, ya bi layi yana ɗaga yara har ya sami wanda ya yi daidai da kai. Shi ke nan, ya zama abokin nauyinka. Shi a kujerar can, kai a ta nan, in kana sama yana ƙasa. Ba ya tambayar ɗan wa. Ɗan liman da ɗan mahauci, in hannun Ummaru ya ce ɗaya kuke, ɗaya kuke. Ni nawa wani ɗan Fulani ne daga Zakka, Buba. Kowace Sallah sai mu nemi juna a bakin ƙofa, Ummaru ya sake ɗaga mu, ya ce, "Har yanzu." Ban san sunan babansa ba, ban taɓa zuwa rugarsu ba, amma na san nauyinsa. Daga baya na tafi makaranta, Ummaru ya tsufa, gari ya shiga halin da kuka sani, ba mai tara yara a fili bayan gari. Aka sayar da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

Kwanakin baya wani saƙo ya shigo zauren 'yan ajinmu na waya. Bayan rasuwar Ummaru, 'yarsa Hajiya Indo, wadda ta yi karatun auna filaye, ta shirya wani wasa don tunawa da filin. Wai wasan Turawa ne da ya zagaye duniya: mutum ya ɓoye gwangwani a wani wuri, ya sanar a waya, masu nema su bi taswira da kibiya har su same shi. Ku dubi wannan al'ada. Mu in mutum ya ɓoye abu, ko matarsa ba ta ji. Su kuwa su ɓoye, su yi shela. Ita nata mataki-mataki ta yi shi, kowane wuri da tambaya a kan filin, in ka amsa daidai waya ta nuna maka wuri na gaba. A ƙasa ta sa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya taɓa hawa lilon, ya zo wurin ƙarshe da abokin nauyinsa.

Nan dariyata ta tsaya. Shekarun nan labarin da ke zuwa daga wajen Zakka ba mai daɗi ba ne, kuma ba ni da wanda zan tambaya ko Buba na raye. Gwangwani dai hujja ce da na ba uwargida. Buba na tafi nema.

A tasha direba ya dube ni, ya dubi kujerar gaba, ya ce, "Alhaji, kai fa mutum biyu ne."

Na ce, "Uku ne, ɗayan na bar shi gida yana jiran shago."

Aka cusa ni tare da wani siririn malami. Kafin mu kai Ɗan Isa bawan Allah ya manne da ƙofa kamar hoton da aka liƙa. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Sannu, Alhaji," alhali shi ne abin yi wa sannu.

A kan iyaka wani jami'i ya karɓi takarduna ya ce, "Me za a je yi?"

"Neman gwangwani, ranka ya daɗe."

Ya ɗago kai a hankali. "Na madara ko na tumatir?"

"Sai na gani."

Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita, har na nuna musu kibiyar a waya. Suka daɗe suna dubawa, sannan ya miƙo mini takarduna ya ce, "Wuce, Alhaji. In ka samu biyu ka tuna da mu."

Daga Jibiya kowa ya ce kada in yanke kai tsaye, in zagaya ta Katsina, kuma da rana. Na bi shawara, don ni jarumtakata a baki take. A Katsina na fara gane cewa na zama baƙo. Na tsaya sayen ƙosai, tsohuwar da ke tuya, wadda ta isa ta haife ni, ta ce in tura mata kuɗin ta waya. Na nemi dogon burodi irin namu na nan, mai shayi ya ce su sanda ba sa ci. Ko gaisuwa sai da na riƙa gyara bakina, don da na yi magana sai a ce, "Daga Nijar ko?" Mutum ya tafi garinsu a kira shi baƙo, ya dawo nan a kira shi ɗan Najeriya. In na mutu ban san wace ƙasa za ta yi kuka ba.

Na sauka gidan Yaya Hanne a Batsari. Na durƙusa, wato na yi niyyar durƙusawa, gwiwa ta ce iyakarta ke nan. Muka gaisa: gajiya, iyali, mutanen Maraɗi, sanyin jiki, haƙurinmu na waɗanda suka rasu. Wannan na ƙarshen ya fi sauran tsawo. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lawai, can ba sa azumi ne?"

Aka kawo dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli da yaji. Ku mutanen nan kuna cin wani abu kuna kiransa rogo, Allah ya yafe muku. Rogon Batsari kafin ka tauna ya narke, har yana ba ka haƙuri. Na ci na wuce misali, aka biyo ni da tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Ɗakin da aka ba ni rabinsa buhunan wake ne, gadon kuma na ɗanta ne tun yana sakandare. Da safe aka same ni a ƙasa, gadon a kaina maimakon ni a kansa.

Ina karyawa na gaya mata ainihin abin da ya kawo ni. Tana tsince wake ta ce, "Kada ka sa rai da yawa. Rugagen wajen can yawanci sun tashi." Na ƙara kunu.

Wurin farko tsohuwar tasha ce, inda muke hawa motar kaya ranar Sallah a kai mu filin. Yanzu shagunan cajin waya ne a jere. Tambayar ta fito: wace kalar kujera ce kowa ke gudu? Wannan ko a barci aka tashe ni. Ja. Rina ke yin gida a ƙarƙashinta, duk wanda ya hau sai ya sauko da leɓe kamar na raƙumi. Na rubuta, kibiya ta juya ta nuna Wagini.

Na hau acaba. Babur ya yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba duk shekaruna a kayan babur. A hanya jaki ɗauke da itace ya wuce mu, har ya waiwayo.

A Wagini ne na kusa gamuwa da tsiya. Sabis ba ƙarfi, kibiya ta rikice, ta nuna gabas ta nuna yamma. Sai na ɗaga waya sama, ina zagaya wata tsamiya, in yi gaba, in dawo, in tsuguna in leƙa, in sake ɗaga waya. Ban tsaya na yi tunanin yadda abin yake a idon mutanen da suka sha wuya ba: baƙo, da waya, yana auna gari. Ina ɗagowa na ga 'yan sintiri sun kewaye ni.

"Alhaji, bisimilla, zauna nan."

Suka zaunar da ni a kan wani bencin ƙarfe gaban mai shayi. Aka karɓe wayar. Na ce gwangwani nake nema, abin ya ƙara lalacewa. Wani ya ce, "Mi ke cikin gwangwanin?" Na ce ban sani ba. "Wa ya aiko ka?" Na ce wata mata da ban taɓa gani ba. Duk amsar da na ba su gaskiya ce, kuma kowace ta fi ta baya muni. Zufa ta jiƙa mini riga har ana iya yin alwala da ita.

Shugabansu wani mai furfura ne, sa'ana, yana gefe sai da na ambaci lilon Ummaru. Ya matso.

"Kai ka hau lilon nan?"

"Tun ina da wuya."

"To wa ke juya shi ranar Sallah?"

"Kurma."

"Don mi ake tsoron shi?"

"Don ko ka yi kuka har ka shiɗe ba ya ji. Sai Ummaru ya jefe shi da hula sannan ya tsaya."

Mutumin nan ya riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. Ya ce a ba ni wayata. Sannan ya ce, "Tashi ka dubi abin da kake zaune a kai." Na tashi. Fentin ya goge saura kaɗan a gefe, amma ita ce, jar kujera. Mai shayi ya saye ta lokacin da ake rabon ƙarafa, kuma ita kibiyar ke nema tun ɗazu. Tambayar da ta fito a waya ma kusan irin tasa ce, na rubuta Kurma, aka ba ni wurin ƙarshe.

Ya sa aka haɗa mini shayi. Na tambaye shi ko ya yi wasan. Ya ce ya kai nan ya tsaya. "Nawa abokin nauyin ya rasu bara waccan, a gonarshi." Muka yi masa addu'a. Da zan tafi ya ce, "In ka je Zakka ka sa wayar nan aljihu, ka yi sallama da baki kamar mutum."

Haka na yi washegari. A Zakka aka nuna mini wata tsohuwa mai fura, wai ba Bafulatanin da ba ta san kakansa ba. Na gaishe ta da ɗan Fulatancin da ya rage mini, ta yi dariya ta ce in bari kafin in zagi wani.

"Inna, Buba nake nema."

"Buba wanne? Na Ardo, ko mai tsinin haɓa, ko wanda saniya ta taka?"

Na ce sa'ana ne, siriri, fari. Ta ce na kwatanta rabin duniya. Ta dama mini fura da kindirmo, ta jira sai da na sha, sannan ta ce Bubobin da suka kai shekaruna, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya yi kudu da sauran dabbobinsa, ɗaya kuma tun da aka kwashe shanunsu ya koma cikin Safana. Ba ta san wanne ne ya hau lilo ba. Na yi mata godiya na tashi.

Ranar kasuwar Safana na tafi kara, wurin dabbobi. Na bi rumfa-rumfa ina kallon fuskoki, to amma fuskar yaro nake nema a jikin tsofaffi. Da rana ta take na gaji, sai na hango mai maganin basir da lasifikarsa. Na roƙe shi aro. Ya ce me zan sayar, na ce tsohon fushi.

Na kafa baki na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Ina cigiyar wani Buba na Zakka, wanda wata Sallah yana saman lilon Ummaru ya yi wa wani yaron Batsari amai a kan sabuwar hularsa. Yaron ya girma, ya zo a biya shi hula."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Dillalai suka riƙa nuna juna. Na maimaita, na ƙara da cewa hular zanna ce, alhali ta saƙi ce. Ba wanda ya fito. Na miƙa wa mai magani lasifikarsa, na juya zan tafi.

Sai wata murya daga ƙasa, kusa da ƙafata, ta ce, "Ba amai ba ne. Ƙwaryar nonona ce ta zube."

Wani mutum ne zaune a kan buhu, igiyoyin ɗaure dabbobi jere a gabansa yana sayarwa. Ya rame har rigar ta fi shi yawa. Bai tashi ba, ya dai ɗago kai yana dubana.

"Kuma hular ba zanna ba ce," in ji shi.

Na ce, "Buba."

Ya ce, "Lawai, kai ne ka cinye Batsari?"

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba, gwiwar da ta ƙi Yaya Hanne ta yarda. Muka riƙe hannu muna gaisawa, mu kai ƙarshe mu sake farowa. Na tambayi iyali, ya ce suna nan cikin gari, an gode Allah. Na tambayi shanu, ya ɗaga wata igiya ya ce, "Ga abin da suka bar mini." Ya mayar da ita cikin sauran.

Na yi masa bayanin wasan. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wato ka ƙetare ƙasa saboda gwangwani."

"Saboda hula."

Ya naɗe igiyoyinsa ya ba maƙwabcinsa ajiya.

Filin yanzu gonar wake ce, gari ya matso har ya kusa taɓa shi. Na tsaya ina neman inda ƙofa take, inda motar turawa take, ban gane komai ba. Wurin da na ɗauka ya kai Katsina faɗi, yaro zai iya jefa dutse ya ƙetare shi. A kusurwa ɗaya, gindin wata bedi, kibiya ta tsaya. Nan muka ga wani dogon ƙarfe, ragowar gindin lilon, an ɗora tsakiyarsa a kan turke, gefe ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

Na kira lambar da ke cikin wasan, ba a jima ba Hajiya Indo ta iso daga gidansu da ke kusa. Tana da goshin babanta sak. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta nuna mana wani bututu a ƙarƙashin turken. Ƙaninta, wanda ya gaji walda, shi ya haɗa: gwangwanin na ciki, kuma ba ya faɗowa sai mutum biyu sun zauna ƙarfen ya daidaita.

Ta dube ni, ta dubi Buba, ta rufe baki da mayafi.

Buba ya zauna a gefensa. Na zauna a nawa. Ƙarfen ya daki ƙasa har bedi ta zubar da ganye, Buba ya yi sama yana salati. Na tashi da sauri, ya dawo ƙasa da ƙarfi. Na cire babbar riga, na cire hula, takalmi, waya, makullan shago. Muka sake. Ko gezau. Wasu manoma da suka taru suka ce a ɗora wa Buba buhun masara a cinya. Wani ya ce buhu ɗaya ba zai yi ba, a kawo jaki.

Buba ya ce, "Ba a yi mini ciko da masara ina da rai."

Na tsaya ina haki, kunya ta kama ni. Ba kunyar ƙiba ba, wannan mun saba. Hannun Ummaru ya taɓa cewa ɗaya muke, yau ga abin da shekaru suka ba ni, ga abin da suka karɓe masa, a gaban jama'a, a kan ƙarfe. Na ce, "Buba, mu bar shi. Na ga abin da na zo gani."

Ya ce, "Zauna, kai dai. Ba can ƙarshe ba. Matso tsakiya."

Na zauna na matsa.

"Ƙara."

Na ƙara.

"Kai da ka zo daga Maraɗi, wannan ɗan tsakanin ne zai gagare ka? Matso."

Na ja jiki har na kusa hawa turken, ina iya miƙa hannu in taɓa gwiwarsa in na sunkuya. Sai na ji ƙasa ta sake ni. Ƙarfen ya yi lilo kaɗan, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya tsaya. Ƙafafuna a iska, nasa a iska. Wani abu ya yi ƙaras a cikin bututun, gwangwani ya faɗo cikin ƙura ya gangara.

Ga masu tambaya: na madara ne, babba. A cikinsa wasu 'yan ƙarafa ne zagayayyu masu huji, waɗanda Ummaru ke ba yaro a ƙofa a matsayin tikiti, kowa ya ɗauki ɗaya ya bar wani abu nasa. Amma wannan sai daga baya na gani.

Hajiya Indo ta ce, "To Alhaji, sauko ka buɗe."

Na yunƙura zan sauka, Buba ya ɗaga mini hannu. Yana can ƙarshen ƙarfe, siraran ƙafafunsa na reto, yana kallon saman gonar wake kamar akwai abin gani.

"Dakata, Lawai," in ji shi. "Ƙafata ta daɗe ba ta bar ƙasa ba."

Ƙarfen nan ya ci mini cinya, bayana ya ƙage, gwangwanin da na ƙetare iyaka dominsa yana kwance a ƙura, akuya na shinshinarsa. Ban motsa ba sai da aka kira la'asar.